Jinjina ga Mai Bindiga a Ƙarƙashin Sitiyari

Wanda Allah ya hore wa basira, hakki ne a yaba masa tun yana da rai, kada a bari sai ya kwanta dama a zo ana jero alherinsa. Shi ya sa yau jinjinata ta haye teku ta tafi Amurka, wurin wani gwarzo mai motar a-kori-kura, wanda ya zauna ya wasa ƙwaƙwalwarsa har ya warware tambayar da ta gagari masu hankalin sauran ƙasashe: a wane gurbi ya fi dacewa mutum ya maƙala ƙaramar bindigarsa cikin mota, da harsashi a baki, yadda hannunsa zai riga tunaninsa isa gare ta? Sauran mutanen duniya suna can suna ɓata lokaci wajen neman yadda direba zai koma gida lafiya ya iske iyalinsa. Gogan naka ya wuce wannan aji tuntuni. A gaishe ka, namijin duniya.

Motar ma ta cancanci kirari. Kada mai karatu ya kawo tsohuwar Fijo mai ɗaukar buhuna a ransa. Fiye da shekara 40 ke nan babu motar da ake saye a Amurka kamar a-kori-kurar Ford, jerin da suke kira F-Series, kuma ta yau doguwa ce, faffaɗa, mai ƙofa huɗu da kujerun fata, hancinta ya yi tudun da ƙaramin yaro zai tsaya a gabanta direba bai gan shi ba. Da yawa daga masu ita ba gona gare su ba, ba garke ba. Ofis suke zuwa da ita, da kanti, da makarantar yara. To mota mai wannan kwarjini a bar ta haka nan babu makami? Ai bai kamata ba.

Kasuwa kuwa ba ta bar shi ya wahala ba. Akwai ɗan maganaɗisu lulluɓe da roba, wanda ake ɗaurewa da kusa a ƙarƙashin sitiyari, daidai gwiwar dama, bindiga ta manne a jiki tsirara, kunamarta a buɗe, babu abin da ya rufe ta. Akwai kube mai maɗauri da ake sokawa tsakanin kujera da akwatin tsakiya. Wanda bai son kashe kuɗi sai ya jefa ta aljihun ƙofa, ko durowar gaban mota, ko ya tura ta ƙarƙashin kujera ya ce Allah ya tsare. Idan ka saurari masu wannan ilmi suna muhawara a kan wanne ya fi aminci, za ka sha mamakin zurfin tunani. Aminci a wurinsu shi ne kada fentin bindigar ya kankare, kada ta riƙa ƙara idan an shiga gargada, sannan uwa uba, kada ɗauko ta ya wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu. Daƙiƙa ita ce ma'auni. Duk dabarar da ta ƙara daƙiƙa uku tsakanin hannu da kunama, ko da za ta ceci ran yaro, an yi watsi da ita a matsayin aikin matsorata. Allah ya ƙara basira.

Ba shi kaɗai za a yaba wa ba, don bai kai nan da ƙarfin kansa ba. Gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791 ya ba jama'a haƙƙin mallakar makami, a zamanin bindigar toka da ake ɗura wa gari ta baki, a harba sau ɗaya a tsaya a sake ɗuri. Kotun Ƙoli ta faɗaɗa ma'anarsa a 2008, ta ce haƙƙin kowane mutum ne shi kaɗansa, sannan a 2022 ta ce haƙƙin ya bi mutum har wajen gidansa. 'Yan majalisun jihohi kuma suka yi rige-rigen nuna kishi. Tun 2007 jihar Teksas ta yarje wa direba ya ajiye ƙaramar bindiga cikin motarsa ba tare da lasisi ba. Daga 1 ga Satumba 2021, bayan Gwamna Greg Abbott ya sa hannu, duk wanda ya kai shekara 21 kuma doka ba ta haramta masa ba, zai iya yawo da ita a jikinsa ba lasisi, ba aji, ba jarrabawa. Da can sai ya zauna darasi na awa huɗu zuwa shida, ya rubuta jarrabawa, ya nuna ya iya saiti. Wannan zalunci ne babba, a ce namiji ya zauna awa huɗu yana koyon abin da zai iya kashe mutum da shi. Madalla da waɗanda suka cire masa wannan ƙaya. Zuwa 2024 jihohi 29 cikin 50 sun bi wannan tafarki. Motar dai har yanzu sai ya ci jarrabawa kafin a bar shi ya tuƙa ta, sai ya yi mata rajista, sai ya biya inshora. Bindigar da ke manne a ƙarƙashin sitiyarinta ita ce aka yarda da hankalinsa a kanta ɗari bisa ɗari.

Ƙasa ce da cibiyar Small Arms Survey ta birnin Janeba ta ƙiyasta a 2018 cewa fararen hula na riƙe da bindigogi kusan miliyan 393, wato 120 ga kowane mutum 100, har da jarirai a lissafin. Idan abu ya yi yawa haka gida ba ya ɗaukarsa, dole a rage wani a mota.

Yanzu mu zo kan halin da ya fi burge ni a wurin wannan bawan Allah, wato karamci. Ban san wani mai kyauta a duniya da ya kai shi ba. Akwai wuraren da ba a shiga da bindiga ko a Amurka: kotu, gidan waya, makarantu, filayen wasa, da ma'aikatu masu yawa. Idan ya iso irin waɗannan wurare sai ya bar ta a mota. Idan ya dawo gida da dare a gajiye sai ya sake barin ta, don cire ta daga maganaɗisu a kai ta ɗaki aiki ne. Wani lokaci ko ƙofar ba ya kullewa. Ƙungiyar Everytown for Gun Safety ta tattara alƙaluman hukumar FBI daga birane 337, ta fitar da rahoto a 2024: a shekarar 2022 kaɗai an kai rahoton satar bindigogi kusan 112,000 a waɗannan birane, kuma fiye da rabinsu daga cikin mota aka ɗauke su. Shekara goma kafin nan kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. A ƙalla bindiga ɗaya kowane minti tara, dare da rana, ba hutun ƙarshen mako. Mafi yawa kuma a ƙofar gidan mai ita aka yi satar, yana ciki yana barcinsa na mai tsaro. Mota ta zama babbar hanyar da bindigar halal ke komawa hannun ɓarawo a Amurka, kuma gogan naka ne ya share hanyar, ya zuba mata kwalta.

Kuma wannan adadi na waɗanda suka kai ƙara ne. Babu dokar tarayya da ta tilasta wa mutum ya sanar da 'yan sanda idan an sace masa bindiga, yawancin jihohi ma ba su da ita. Mai kyauta na gaske ai ba ya shelar abin da ya bayar.

Birnin Memfis na jihar Tenesi shi ya zo na ɗaya a wannan gasa, kuma da guminsa ya samu. A 2013 majalisar jihar ta ba masu lasisi damar barin bindiga cikin mota a wuraren fakin. A 2014 ta ƙara buɗe ƙofa, ta ce ko ba lasisi mutum zai iya ajiye ta cikin motarsa da harsashi a ciki. Kafin waɗannan dokoki, bindigogin da ake sacewa daga motoci a Memfis 'yan ɗaruruwa ne a shekara. Zuwa 2022 sun haura 2,000. Samarin unguwa ba su karanta doka ba, amma sun fahimce ta fiye da waɗanda suka rubuta ta. Sun gane cewa ba sai an fasa gida ba, ba sai an fasa shagon makamai mai ƙararrawa da kyamara ba. A bi layin motoci da dare ana taɓa hannun ƙofa, wadda ta buɗe a leƙa ƙarƙashin sitiyari, wadda ta ƙi a fasa gilashi. Cikin rabin minti an gama. Kuma sun san wace mota za su fara dubawa.

Sun sani ne domin mai ita ya sanar da su. Wannan shi ne ƙololuwar karamcin. A gilashin baya ya manna sitikar kamfanin Glock, ko ta ƙungiyar NRA mai kare haƙƙin masu bindiga, ko hoton tutar garin Gonzales ta 1835, mai hoton igwa da rubutun da ke cewa a zo a ƙwata in an isa. Ya manna ne don a ji tsoronsa. Ɓarawo kuwa ya karanta, ya ɗauki abin a matsayin katin gayyata, ya amsa. Kamar mahaucin da ya rataye cinyar sa a bakin ramin kura, ya kafa allo ya rubuta cewa akwai nama a nan, sannan ya tafi gida ya kwanta. 'Yan sanda a birane da dama sun gaji da roƙon jama'a cewa mota ba ma'ajiyar bindiga ba ce, a cire sitikun nan, a kulle ƙofa. Amma wa zai koya wa gwani sana'arsa?

Da hukumar birnin Sabana ta jihar Jojiya ta ga an sace bindigogi sama da 200 daga motocin da ba a kulle ba a 2023, sai ta yi rashin kunya a 2024, ta kafa dokar cewa wanda zai bar bindiga a mota ya ɓoye ta, ya kulle motar, in ba haka ba a ci shi tara. Ba ta ce a ƙwace wa kowa bindiga ba, ɓoye ta da kulle ƙofa ta nema. Nan da nan babban lauyan jihar ya rubuta cewa birnin ya wuce gona da iri, dokar ba ta da tushe. Haka ake so. 'Yancin barin ƙofa a buɗe ai ba abin wasa ba ne.

Bindigar da aka sace ba ta komawa gidan tarihi. Tana shiga hannun yaro ɗan shekara sha biyar, ta fito a wani fashi, ta fito a wani kisa a wata unguwar da mai a-kori-kura bai taɓa takawa ba. Shi kuwa ya karanta labarin a waya, ya girgiza kai, ya ce gari ya lalace, ya je ya sayi sabuwa ya manna a gurbin tsohuwar. Masu ƙera bindiga sun sayar sau biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai kuma ƙaunarsa ga yara. Idan ka tambaye shi don me yake yawo da ita, amsa ɗaya ce: don in kare iyalina. Wa zai ja da wannan? A watan Maris 2016, a jihar Filorida, wata mata da ta shahara a Facebook wajen kare haƙƙin riƙe bindiga tana tuƙa a-kori-kura, ɗanta mai shekara huɗu yana kujerar baya. Ta ajiye ƙaramar bindiga mai harsashi a ƙarƙashin kujerarta. Motsin mota ya zame da ita zuwa baya, yaro ya kwance ɗamararsa, ya ɗauka, ya ja kunama. Harsashi ya ratsa kujera ya shiga bayan uwarsa. Allah ya yi da sauran kwananta. A watan da ya biyo baya, a birnin Milwoki na jihar Wiskonsin, wata uwa mai shekara 26 tana tuƙi a babban titi, ɗanta mai shekara biyu ya tsinci bindigar da ta zamo daga ƙarƙashin kujera. Ita ba ta tashi ba. Yaron nan zai girma, wata rana zai tambayi yadda mahaifiyarsa ta rasu, kuma dole wani ya ba shi amsa. Ina wanda zai ɗauki wannan nauyi a cikin masu auna daƙiƙa?

Ƙananan bindigogin da aka fi saye a yau, irin Glock, ba su da wani maɓallin kariya na daban da za a murɗa kafin a harba. Idan akwai harsashi a baki, jan kunama kawai ya rage, kuma yatsun yaro ƙarami suna iya ja. Abin da ya sa hannun uba ke isa gare ta cikin daƙiƙa ɗaya, shi ne ya sa hannun ɗa ke isa gare ta cikin daƙiƙa biyu. Maganaɗisu bai san babba ba, bai san yaro ba. Uba ya tsaya gidan mai, ya shiga biyan kuɗi, ya ce yanzu zan fito. Wannan yanzun ta ishi yaro ya tsallako kujerar gaba.

Shekara da shekaru haɗarin mota ne kan gaba wajen kashe yara da matasa a Amurka. Injiniyoyi da likitoci suka duƙufa: ɗamarar kujera, jakar iska, kujerar jarirai, dokar hana tuƙi cikin maye. Mutuwa a titi ta yi ta raguwa. A 2020, bisa alƙaluman hukumar lafiya ta CDC, bindiga ta sha gaban mota, ta zama abin da ya fi kashe 'yan shekara 1 zuwa 19 a ƙasar. Gogan naka ya duba na ɗaya, ya duba na biyu, ya ga bai dace su zauna a rabe ba, sai ya haɗa su wuri guda, ya sa ɗansa a tsakiya, ya ɗaura masa ɗamara don tsaro. Sannu da hikima.

Akwai kuma ɗan batun haɗari, wanda malaman maganaɗisu ba sa son a tayar. Ƙaramar bindiga mai cike da harsashi ta kusa kilo guda. Idan mota ta yi karo ta tsaya cak, duk abin da ba a ɗaure da gaske ba yana ci gaba da tafiya da gudun da motar take yi, har sai ya sami abin da zai tare shi, ko gilashi, ko ƙafa, ko kan mutum. A ranar 11 ga Afrilu 1986, jami'an FBI suka tare wasu 'yan fashin banki biyu a yankin Miyami. Biyu daga cikin jami'an sun riga sun zare bindigoginsu daga kube don su kasance a shirye. Da motoci suka gwabza, bindigogin suka tashi suka ɓace musu a daidai lokacin da ake buƙatarsu. An kashe jami'ai biyu a wannan artabu, an jikkata biyar. Waɗannan ƙwararru ne da gwamnati ta horar. Amma kada wannan ya dami mai a-kori-kura: ya kalli bidiyo a intanet, kuma mai sayar da maganaɗisun ya tabbatar masa yana da ƙarfi.

Mu yaba masa kuma a kan haƙuri. Titi wuri ne da ke gwada zuciya: wani ya sha gabanka ba sigina, wani ya danna maka hon, wani ya yi maka daƙuwa ta taga. A yawancin ƙasashe abin yakan ƙare da zagi, kowa ya kama gabansa, kafin magariba an manta. A Amurka an samar wa fushi gajeriyar hanya. Everytown ta ƙirga mutum 141 da aka harbe har lahira a rigimar titi a 2022, da 413 da aka jikkata, wato mutum ɗaya kowace awa 16, kuma ninkin abin da aka gani a 2018. A watan Mayu 2021, a gundumar Orange ta Kalifoniya, wata uwa tana kai ɗanta mai shekara shida makaranta, wata mota ta sha gabanta, ta yi musu alamar zagi da yatsa. Wanda ke zaune gefen direba ya ɗauko bindigarsa ya harbi bayan motarta. Harsashi ya ratsa but ya sami yaron. A 2024 aka yanke wa maharbin ɗaurin shekara 40 zuwa rai da rai. Da bindigar tana kulle a akwati, da kafin ya nemo makulli motar ta yi nisa, zuciya ta sauka, yaro ya isa aji. Daƙiƙun nan da aka yi ta faɗi-tashin ragewa, su ne tsawon ran yaron.

Masana sun gwada abin. A 2017 Farfesa Brad Bushman na Jami'ar Jihar Ohayo da abokan aikinsa suka sa ɗalibai 60 a na'urar kwaikwayon tuƙi. Wasu aka ajiye musu bindiga a kujerar gefe, wasu abin buga ƙwallon tanis. Masu bindiga suka fi gudu, suka fi matse motar gaba. Ganin ta kaɗai ya isa. Amma mai a-kori-kura ya san kansa, shi ba ya fushi. Duk waɗanda ke kurkuku a kan rigimar titi ma haka suka san kansu a safiyar ranar.

Abu na ƙarshe da zan jinjina wa shi ne adalcin wannan 'yanci, yadda ya game kowa ba bambanci. A ranar 6 ga Yuli 2016 ɗan sanda ya tsayar da Philando Castile a Falcon Heights ta jihar Minesota. Baƙar fata ne ɗan shekara 32, ma'aikaci a ɗakin cin abincin wata makarantar firamare, yana da lasisin riƙe bindiga. Ya yi abin da kowane malamin bindiga ke koyarwa: cikin ladabi ya sanar da ɗan sandan cewa yana ɗauke da makami. Cikin 'yan daƙiƙu aka harba masa harsashi bakwai, biyar suka same shi, budurwarsa na gefe, 'yarta mai shekara huɗu na kujerar baya tana kallo. A 2017 kotu ta wanke ɗan sandan. Ƙungiyar NRA, wadda muryarta ke girgiza majalisa idan an taɓa haƙƙin mai lasisi, a wannan karo muryar ta dishe.

Ga ɗaya ɓangaren. A ranar 23 ga Fabrairu 2020, kusa da garin Brunswick na Jojiya, Ahmaud Arbery, baƙar fata ɗan shekara 25, yana gudun motsa jiki a wata unguwa, hannunsa ba ko sanda. Gregory McMichael, tsohon ɗan sanda, da ɗansa Travis suka ɗauki ƙaramar bindiga da doguwa, suka hau a-kori-kura suka bi shi, maƙwabcinsu ya bi su da tasa motar. Suka yi ta kewaye shi na wasu mintuna, suka tare masa hanya, Travis ya harbe shi. Kwana 74 babu wanda aka kama, sai da bidiyon ya fita duniya ta gani. Daga baya an yanke wa dukansu uku ɗaurin rai da rai. Wanda ya bi doka an bindige shi a kujerarsa nan take; waɗanda suka yi farautar mutum suka kwana a gidajensu sama da wata biyu. Mota da bindiga idan suka haɗu a hannun wanda ya ɗauki kansa alƙalin unguwa, ba ya buƙatar kotu, tafe yake da ita a kan taya huɗu.

Yabo ya isa haka, don zuciyata ba za ta iya ci gaba da shi ba.

Na san akwai makiyayi a karkarar Teksas ko Montana wanda ke nesa da 'yan sanda da tafiyar awa guda, aladun daji na ɓarnata masa gona, namun daji na kama masa 'yan maruƙa. Bindigarsa kayan aiki ce, kuma ba da shi nake ba. Na san akwai matar da tsohon mijinta ke bibiyarta da barazana, tsoronta gaskiya ne. Na kuma san cewa masu koyar da harbi na ƙwarai a Amurka su da kansu suna hana abin da na kwatanta. Suna cewa in dole ka ɗauka, ta kasance a jikinka, cikin kube mai tauri da ya rufe kunama ruf. In za ka fita ka bar ta, ka cire harsashi, ka kulle ta a akwatin ƙarfe da aka ɗaure da jikin mota, inda ido ba ya gani. In ka isa gida ka shiga da ita. Dokar tarayya ta 1986 mai kare matafiyi da ke ratsa jihohi da bindiga ita ma sharaɗinta ke nan: ba harsashi a ciki, ba kusa da hannu ba, kuma a motar da ba ta da but, a kulle ta cikin akwati, ban da durowar gaba, ban da akwatin tsakiya. Kalifoniya ta mai da kusan wannan doka ga masu motocinta. Hanyar a bayyane take, ba ta da tsada, ba ta da wuya. An ƙi ta ne don tana cin daƙiƙu.

To a auna. A gefe guda akwai ɗan fashin da mai a-kori-kura ke mafarkin zai yi arangama da shi a fitilar titi, wanda yawancinsu har su tsufa ba za su gamu da shi ba. A ɗaya gefen akwai ɓarawon da ke zagayawa kowane dare, da yaron da ke kujerar baya kowace safiya, da fushin da ke jiransa a kowace mahaɗa, da kuma ranar baƙin ciki da ka iya zo wa kowane ɗan Adam: cikin mutum 48,830 da bindiga ta kashe a Amurka a 2021, fiye da rabi da hannunsu suka kashe kansu. Ya shirya wa abin da da wuya ya faru, ya buɗe ƙofa ga abin da ke faruwa kullum. Wannan sakaci ne, kuma waɗanda ke biyan kuɗinsa yawanci ba su ne suka manna maganaɗisun ba. 'Yan majalisar da suka cire horo, suka hana birane tilasta kulle ƙofa, laifinsu ya fi nasa girma, domin su sun ga alƙaluman kafin su ɗaga hannu.

Malam mai a-kori-kura, akwatin ƙarfe mai makulli da igiyar ɗaurewa bai kai kuɗin cika tankin motarka sau ɗaya ba. Ka saya, ka cire harsashin, ka kulle ta, ka ɓare sitikar nan daga gilashi, kuma kada ka sake barin ta ta kwana a ƙofar gida.